Tsayuwar Mutanen Kudu

A ƙofar wata masana'anta a birnin Torino da ke arewacin ƙasar, Cataldo mutumin yankin Puglia da ke kudu yana layin neman aiki, sai na gabansa ya waiwayo.

"Daga Kudu, ko? Na yi soja a can. Ƙarti ɗari cirko-cirko a dandali tun asuba, ba mai taɓuka komai. Mu nan Arewa kowa na gonarsa."

"Kadada nawa gare ka, ɗan'uwa?"

"Huɗu kacal. Talauci ne ya koro ni."

Cataldo ya tuntsire da dariya. "Huɗu! A garinmu da har hula za a cire maka. Ƙasar duk ta mutum ɗaya ce, yana can Napoli, ko launinta bai sani ba. Tsayuwar da ka gani, wakilinsa muke jira ya latsa damtsenmu, ya zaɓi goma."

"Sauran fa?"

"Su koma gida su kalli 'ya'yansu."

Aka buɗe ƙofa, mai ɗaukar ma'aikata ya fito yana ƙare wa mutane kallo. Cataldo ya zunguri mutumin.

"Naɗe hannun riga, kar ka haɗa ido da shi. Kai yau ka fara tsayuwar nan, ni shekarata talatin ina yin ta."