Farar da ta ƙone gurup

A tashar motocin Gouna, cikin Damagaram, wani ma'aikaci mai jakar takardu, irin waɗanda ake ce wa Mushe, ya tsuguna gaban wata dattijuwa mai sayar da soyayyar fara.

"Inna, zuba mini ta dala ashirin, ko da yake yau haushin fara nake ji."

"Me ta yi maka, Mushe?"

"Ita ta ƙone gurup, injin wutar kamfanin man gyaɗa na hanyar Dogo. Ni aka turo bincike. Na buɗe shi na tarar da fara maƙil. Na rubuta cewa daga gonaki ta taso, ta toshe hanyar iska."

"Ikon Allah! Da fukafukanta?"

"Babu ko ɗaya. Wuta ta cinye."

"Lallai wutar nan ta iya aiki. Ta fige fukafukai, ta bar nama!"

"Inna, shekara biyar na yi karatun inji a Yamai."

"Ni shekara talatin nake figar fara! Tiya shida na dafa, na shanya a tabarma kan injin nan don ɗuminsa, duk ta..." Sai ta kama bakinta.

"Au, ke ce? Shi ya sa na ji gishirinta daidai!"

"Ka ci ke nan?"

"Ɗanɗanawa na yi, don bincike."

"Nawa ka rage wa jandarmomi su gani?"

Ya shiga laluben biro a jakarsa.

"To rubuta sunana, Mushe, Larai nake. Ni kuma in faɗi cikin da shaida ta shiga."

"Ƙara mini yaji, Inna. Daga gonaki ta taso."