Ziyara Biyu Ga Likitan Da Ya Riga Ya Rasu

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku duka, ku na nan Saint-Denis da waɗanda suka taso daga nesa.

Sunana Ishaku, mutumin ƙasar Maradi. Na daɗe ina zaune a Villeurbanne, kusa da Lyon, da matata Rahila da ɗiyanmu biyu. Da safen nan na hawo jirgin ƙasa daga Lyon, domin na yi wa Allah alkawari zan tsaya gaban jama'arsa in faɗi wannan magana da bakina.

Aikina tallan magani ne ga likitoci, abin da ake kira delege medikal. Ba ni da shago. Yawo nake cikin motar kamfani daga wannan likita zuwa wancan, in zauna a ɗakin jira tare da masu tari da masu ciwon gwiwa, in likita ya sami sarari ya ba ni minti biyar in yi masa bayanin maganinmu. Da na fito sai in danna a tabilet ɗin aiki cewa na ga wane, ran kaza, ƙarfe kaza. Da wannan dannawar ake auna mu a babban biro, wato ofishin kamfani na Paris, kuma ziyara shida suke so a yini.

Ni kuwa kun san mu da gaisuwa. Ba na iya shiga wurin mutum in faɗa masa sunan ƙwaya ban tambayi iyalinsa ba. Sai na gai da sakatariya, na tambayi ɗanta mai jarrabawa, sannan in shiga. Abokan aikina suna yi mini tsiya, wai kafin in gama "ina kwana" sun ga likita biyu. Ban damu ba, don likitocina suna sona, kuma ni mutum ne mai son a ce ya iya. Ina da girman kai, ban ɓoye muku ba.

Sai ga sanarwa daga Paris cewa za a rage ma'aikata. Za a haɗe yankuna, aikin mutum uku ya koma na mutum ɗaya, kuma yawan ziyara na cikin abin da za a duba. Ba a faɗi sunaye ba, aka ce mu jira. Wannan jiran ya fi komai ciwo. Ina tuƙi ina lissafin wa ya fi ni, wa na fi. Na shiga yi wa yara tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba, in Rahila ta tambaye ni in ce gajiya ce.

Wani abokin aiki ya ja ni gefe ya ce in bar wahalar da kaina, kowa dannawa yake yi ko ya ga likita ko bai gani ba, wa zai bi sawu? Ran farko da na danna ziyarar da ban yi ba sai da na waiwaya ko ana kallona. Bayan mako biyu na daina waiwaye. Ran Lahadi kuma in tsaya gaban ikilisiya da taguwa mai guga ina bi da waƙa, murya har rufin ɗaki. Haka na zama, ƴan'uwa.

Akwai wani tsohon likita a Rillieux-la-Pape, cikin dogayen gidajen nan. Shi kaɗai ne ke ba ni kujera ya ce in sha kafe, ya tambaye ni ko ruwa ya sauka a gida. Saboda kirkinsa ne na raina shi. Na ce a raina ko an tambaye shi zai rufa mini asiri, sai na daina zuwa, ina danna sunansa daga cikin mota.

Wata Talata na ce bari dai in leƙa shi. Na tarar da takarda manne a ƙofa, sakatariyarsa na ɗaure kwalaye. Ta ce likita ya rasu, mako uku ke nan, zuciyarsa ce ta tsaya.

Zan faɗa muku abin kunya. Abin da ya fara zuwa raina ba mutuwarsa ba ce, tabilet ne. Na koma mota na duba. Sau biyu na rubuta cewa na zauna da shi bayan an riga an binne shi.

A gida na gaya wa Rahila rasuwar kawai, sauran na haɗiye. Ta ce to yaushe za mu gaisuwa? Na ce mutanen nan ba su san wannan ba, kati ake aikawa. Ta ce mutumin da ya ba ni kujera shekara da shekaru ba za a sallame shi da kati ba, in su ba su sani ba mu mun sani. Wanda ya san Rahila ya san an gama magana. Ran Asabar da rana ta dafa shinkafa da kaza ta rufe a kwano, muka nemi gidan ta hannun sakatariya, muka tafi.

Matar likitan ta buɗe ƙofa tana kallon kwanon. Da na ambaci sunana sai ta kama hannuna ta shigar da mu. Ta ce cikin duk masu tallan magani ba wanda ya tako gidan. Muka zauna shiru irin namu, ta yi kuka kaɗan. Can ta tashi ta ɗauko littafin da yake rubuta randebu a ciki, wato lokutan ganawarsa da mutane, ta buɗe makonsa na ƙarshe ta nuna mini sunana da rubutun hannunsa.

Ta ce, "Ya damu da kai. Ya ce wata biyu ba ka zo ba, yana tsoron ko sun riga sun kore ka. Ya rubuta nan don ya kira ka."

Mutumin da nake ƙarya da sunansa, ashe yana zaune yana tausayina. Na ji idon Rahila a kaina, don ni da bakina na gaya mata cikin watan nan cewa na biya wurinsa.

Muka yi sallama muka shiga mota. Ban ko tayar da injin ba Rahila ta ce, "Baban Ladi, wata biyu ta ce."

Nan na zube mata komai. Na yi kuka kamar yaro, rana tsaka, mutane na wucewa da kayan cefane. Ita ce ta ɗauki waya ta kira Baba Dauda, dattijon ikilisiyar nan, ga shi can zaune yana sunkuyar da kai kamar ba shi ba. Na zayyana masa, na roƙe shi ya yi addu'a Allah ya rufa asiri kada a gano. Sai ya ce, "Ɗana, hwaɗa mini abin da zan roƙa. Mi kake so Allah shi tsare maka, kai ko ƙaryar?"

Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin. Amma ya fara addu'a, Rahila ta riƙe hannuna, ni kuma na buɗe baki na ce, Yesu, na ji tsoron mutanen Paris fiye da yadda na ji tsoronka, ka gafarta mini. Kafin Baba ya ce amin, nauyin da na yi watanni ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka. Na ja numfashi har ƙasan ciki. Halleluya!

Ran Litinin na zauna na fitar da kowace ziyarar ƙarya na rubuta a takarda, har da biyun nan. Ran Alhamis na zo Paris wurin shugabar sashenmu, mace mai tsare gida wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba. Na ajiye takardar gabanta. Ta karanta har ƙasa, ta tambaye ni ko na san wannan ya isa a kore ni yau bisa babban laifi, in fita hannu wofi. Na ce na sani. Ta ce wa ya tona ni? Na ce ba kowa, gaisuwar mutuwa na je. Dole na tsaya na yi mata bayanin abin da ake nufi da zuwa gaisuwa, ita kuma tana kallona kamar na sauko daga wata.

Ba ta kore ni ba. An ba ni takardar gargaɗi, aka goge ziyarorin, sunana ya gangara can ƙasa a jerin yankinmu. Na koma bakin aiki ina gaishe-gaishena, kuma ban sake danna sunan mutumin da ban gani ba.

Na san abin da kuke jira ku ji, cewa sunaye sun fito kuma na tsira. Sunaye sun fito ran Juma'ar nan. Nawa na ciki. Wata uku suka rage mini, za a sallame ni cikin ragin ma'aikata kamar sauran, da duk haƙƙina. Wasiƙar tana nan aljihuna. Na buɗe ta a tebur gaban Rahila da yaran, na karanta musu da ƙarfi, muka yi addu'a, na cinye tuwona har na nemi ƙari.

Ban san inda zan yi aiki nan gaba ba. Amma na san wanda ke riƙe da gidana, kuma ba a Paris yake sa hannu ba. Ina gode wa Yesu da ya fitar da ni daga tsoro da ƙarya tun kafin wasiƙar ta iso, don da ta same ni a wancan halin ban san abin da zan zama ba.

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, in kai ma kana jiran wata takarda, kana kuma ɓoye wani abu don ka tsira, ka kawo shi gaban Ubangiji yau, ka dogara gare shi. Aikin ya tafi, ni aka ceto, ga ni tsaye gabanku lafiya lau. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.