Ankon da Ya Koma Kore

A wani shagon kayan kwamfuta a unguwar PZ, Baba Yunana, tsohon mai hoto daga Samaru, ya dafa kanta yana huci a gaban Oby mai shago.

"'Yata, ina na'urar nan da ake maƙala wa sikirin ta daidaita kala? Sikirin biyu gare ni, duk sun zama maƙaryata."

"Me suka yi, Baba?"

"Ankon biki shuɗi ne. Na gyara hotuna na wanke, mata suka dawo da su wai ya koma kore. Ni da nake wanke hoto tun ba a haifi babanki ba! Ban shiga aji ba, gobara ta ci shagona na sake tashi."

"Na'urar iri biyu ce: ƙaramar tana gyara sikirin ɗaya, babbar tana daidaita biyu. Sikirin naka sun saɓa da juna ne?"

"Bakinsu ɗaya, munafukai. Ɗana wai in je asibitin Shika a duba idona, in ba haka ba ya karɓe shagon. Ba ni babbar, ta ƙaryata shi."

"In ta ce sikirin lafiyarsu ƙalau fa?"

Ya daɗe yana juya kwalin na'urar da ta miƙo masa.

"Kuna karɓar kaya idan mutum ya tarar ba sa aiki?"