Ƙarfen Cikin Adakar Inna

Kuɗin motar da ya kai ni Ikko ganga ce. Kar ku yi dariya, ku gyara zama. Kai Nura, sauke ƙafarka daga kan batirina. Tunda kun nace sai kun ji labarin ƙarfen nan da nake naɗewa cikin tsohuwar hula, to daga gangar za mu fara.

Mahaifina makaɗin 'yan kokawa ne. Ku ba ku riske shi ba, amma ku tambayi iyayenku daga nan Jibiya har Daddara da Gangara, za su gaya muku in ya saki hannu har gurgu sai ya ji kamar ya shiga fili. Gangunansa biyu, babba ta gado da ƙarama ta yawo. Ni kuwa ban gaji kiɗa ba, kunyarsa ma nake ji, Allah Ya yafe mini. Abin da na sa gaba ɗan gidan kallo ne a bayan tasha, talabijin ɗaya da bidiyo da benci shida, direbobin Maraɗi da 'yan dako su cika shi kafin a gama musu lodi. Da Shari'a ta zo, da ni aka yi kabbara, ba na ɓoyewa. Sai dai wata bai zagayo ba mai shagon ya ce in kwashe bencina. Baba kuma ba wanda ya zo ya ce masa ya daina, kiransa kawai aka daina yi.

Wata safiya ya kira ni ɗakinsa, ya danƙa mini kuɗi cikin ƙullin tsumma.

"Lawwali, tahi Ikkon nan da kake ta faɗi. Wanga zama ba shi yi."

Na ɗaga kai na ga ƙusar bangon da yake rataye ganga ba komai a jikinta. Na ce, "Baba, ina babbar?"

"Ta ƙetara Maraɗi. Can ana son ta. Ƙaramar ta ishe ni, ni ma can za ni riƙa zuwa in anka yi wasa."

Kun san me na ce masa? "To." Shi ke nan godiyar da na yi wa mutumin da ya sayar da gadon ubansa don in hau mota.

Ikko kuwa, ku da kuke ɗokin zuwa, gari ne da ba mai amsa sallama. Na kama rabin ɗaki a gidan wata tsohuwa Bayarabiya, Iya muke ce mata, ita kuma Mala take ce mini, yadda suke kiran Bahaushe a can, kullum faɗanmu a kan ruwa.

"Mala! Wanke ƙafa, wanke ƙafa, sau biyar! Rijiyar ubanka ce?"

"Alwala ce, Iya."

"To alwalar ta je ta ɗebo nata ruwan!"

Aiki kuma na samu a Alaba, kasuwar kayan lantarki, a shagon wani Inyamuri, Oga Emeka. Da dako na fara, sai ran nan ya ga na tashi wata bidiyo da yaransa suka gaza, ya jawo ni ciki wajen haɗa kwamfuta. A nan na sha dariya. Ya ce in kawo madabod, wato faffaɗan allon da ake dasa komai a kai, na ce madambaci. Ya ce in ɗauko hadi dis, na fita layi ina tambayar wane ne Hadi. Ashe ƙarfen nan ne da kuke gani, rumbun da inji ke zuba duk abin da ya gani. Ni dai har yau rumbu nake ce masa. Shekaru suka tura, hannuna ya faɗa, har Oga ya koma cewa in Mala ya ɗaure inji ba ya dawowa.

Sai ga wani attajiri, Cif ake ce masa, mutum mai son ƙwallo kamar ransa, kuma kullum yana hanya. Ya ce a haɗa masa kwamfutar falo wadda za ta kama tashoshin dish, ta naɗe masa wasanni, in ya dawo ya kalla. Lokacin abin sabo ne, ba irin yanzu da kowannenku ke ɗaukar ɗan'uwansa da waya ko yana hamma ba. Ya ajiye abin da zai iya biya, Oga ya ce ni zan zaɓi kaya.

To ku saurara, a nan na yi abin da na yi. Injin irin wannan yana son katin kama tasha, da fanka marar ƙara don kar ta dami falo, da babban rumbu, da kuma abin buga faifai don in an naɗi abu mai daraja a fitar da shi a ajiye. Na sayi kati, na sayi fanka. Sai idona ya faɗa kan wani baƙin akwati mai gilashi, in an kunna shi shuɗiyar fitila ta zagaye shi. Wallahi kamar ya yi magana. Amma in na ɗauke shi, dole in rage wani abu.

Oga ya ce, "Mala, bar akwatin nan. Sayi babban rumbu da mai buga faifai. Fitila ba ta ajiye komai."

Na ce, "Oga, ba ka san masu kuɗi ba. Abin da ido ya gani suke yabawa."

"Kanka ne, aboki. Ni na faɗa."

Na ɗauki akwati, na sa ƙaramin rumbu, na bar mai buga faifai. Don kar rumbun ya cika Cif ya kira ni da faɗa, sai na saita injin cewa duk lokacin da wuri ya ƙare, ya goge abin da ya fi daɗewa ya zuba sabo a kai. Har alfahari na yi da dabarar. Na ce wa Cif, "Ranka ya daɗe, injin nan hankali gare shi, da kansa yake shara."

Ranar da na kai masa, bayan la'asar, ina zaune a ƙasan falonsa ina jera tashoshi, shi yana kan kujera yana waya. Ina danna rimot sai na faɗa tashar Nijar. Kokawa ake yi a Maraɗi, fili ya cika maƙil. Ban fara ganin makaɗin ba, hannunsa na fara ji. Akwai wani ɗan jinkiri da yake yi kafin ya sauke gula kan ganga, kamar mai tsokana, duk duniya shi kaɗai ke yin sa. Na matsa kusa da talabijin. Sai mai ɗaukar hoton ya juyo, ga Baba ya cika talabijin ɗin Cif, da ƙaramar gangarsa da hular nan, ya rame, furfura ta cinye gemun, yana dariya har ana ganin giɓinsa. Na danna jan maɓallin naɗa. An daɗe a kansa, ya kai tsawon shan shayi guda.

Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ku riƙe wannan. Ko na kati ba mu da shi a gida. Abin da ya shiga rumbun nan ranar, shi ne kaɗai kamanninsa da sautinsa a duniya.

Cif ya ajiye waya ya ce, "Mala, wane ne wannan tsohon? Ka san shi?"

Na dubi kujerun fata, na dubi shuɗiyar fitilata, na ce, "Wani makaɗi ne na wajenmu. Gwaji nake yi."

Washegari na kira wayar maƙwabcinmu mai shayi, aka kai wa Baba. Na ce na gan shi, har na kama shi a inji.

"Kai haba! Ni ɗin? Cikin akwati? Yaya na hito?"

"Ka fito da kyau, Baba."

"Hular ba ta karkace ba? To aje mini, Lawwali. Ban taɓa ganin bayan hannuna shina aiki ba. In ka zo Salla ka taho da shi, uwarka ma ta gani."

Na ce in Allah Ya so. Abin da ake bukata kaɗan ne: in ari mai buga faifai a shago, in je gidan Cif in ce ina son kwafin gwajin nan. Amma da wane baki? Na riga na ce wani ne. Kullum sai in ce sati mai zuwa, Salla da saura. Zancen sharar da na saita kuwa ya fita kaina fit, kamar ba ni na yi ba.

Saura kwana tara azumi ya ƙare mai shayi ya kira ni, Baba ya rasu. Zazzaɓin kwana uku ne. Ina haɗa kaya Iya ta shigo ba faɗa, ta tura mini burodi cikin jaka, ta dafa kaina tana hawaye. Ban riski jana'iza ba, ƙasa kawai na tarar. Na zauna har sadakar arba'in saboda Inna, mahaifiyata. Kuma don in sanyaya mata zuciya na yi ta ce mata, "Inna, kar ki damu, yana nan a ajiye, da dariyarsa da komai. Zan kawo miki shi."

Ina sauka Ikko ban biya ɗaki ba, gidan Cif na nufa da mai buga faifai a hammata. Na buɗe inji. Ƙwallo. Na sauka ƙasa, ƙwallo. Na je har ƙarshen jeri, Turawa ne ke ta gudu a kan ciyawa. Na sake hawa, na sake sauka, na fi sau goma.

Cif ya ce, "Me kake nema ne?"

"Kokawar nan da na naɗa ranar farko."

"Gwajin? Ai kai ka ce injin yana shara da kansa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ubana ne." A falon mutane, ƙato da ni, na fashe da kuka.

Mutumin ya ce, "Don me ba ka faɗa ba? Da ka faɗa, da na hana kowa taɓa shi." Wannan maganar ta fi mini zafi da a ce zagina ya yi.

Ya ce in cire rumbun in tafi da shi. Oga Emeka ya rufe shago yini biyu yana gwada duk dabarar da ya sani, bai ce mini ai na gaya maka ba ko sau ɗaya. A ƙarshe ya miƙo mini ya ce, "Aboki, in da gogewa kawai aka yi, da na tono. Amma an rubuta a kai, an sake rubutawa." Na aika a tambaya can Nijar, aka ce ba a san inda kaset ɗin ya shiga ba. Daga nan Ikko ta fita raina. Ban cika wata ba na dawo, ba mota, ba babur, sai kayan gyara da wannan ƙarfe a aljihu.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na ajiye shi a gabanta, na gaya mata komai, har amsar da na ba Cif, ban rage ba. Na so ta zage ni. Ta ɗauka ta jujjuya, ta kara a kunne.

"Nan ciki shi shiga?"

"Nan ne, Inna. Amma an zuba wani abu a kansa, ba ya fitowa."

Ta goge shi da bakin zanenta ta ce, "To mi? Mu ma ƙasa munka zuba mishi, ba mu ce babu shi ba. Miƙo mini hularshi."

Ta naɗe shi ta sa a adakarta, a can ya zauna har ita ma ta bi Baba. Nura, ba ni nan, kar ka yar. Riƙe shi ake yi da hannu biyu.