Shayin Ganyen Koka

A ɗakin jira na likitan matuƙa jirgin sama a La Paz, Doña Hilaria ta buɗe filas, ta tsiyaya shayi, ta miƙa wa saurayin da ke gefenta.

"Sha, ɗan nan. Fuskarka ta yi fari fat."

Ya sunsuna, ya janye hannu. "Ganyen koka ne, Iya? Ki rufa min asiri! Da shi fa ake yin hodar iblis, kuma fitsarina za su gwada. Kurɓi ɗaya, takarda ta nuna hodar iblis, su hana ni shaidar lafiya, shi ke nan ni da jirgi."

"Hodar iblis? Kakata ta sha wannan har ta shekara casa'in!"

"Kakarki ba ta tuƙa jirgi ba."

Ta yi dariya, sai kuma ta katse ta. Ta dubi ƙofar likita. "Ɗiyata Nélida tana ciki, ita ma matuƙiya ce. Da safen nan na cika mata kofi."

"Kin ga ta sha da idonki?"

"Kullum tana sha, shekara bakwai ke nan. Takan ɗauka ta tafi bakin taga, wai tana duba gajimare, ta dawo min da kofi wayam."

"Akwai tukunyar fure a tagar?"

Doña Hilaria ta ajiye kofin shayin.

"Ja'irar yarinya!" ta ce, tana goge ido da gefen mayafi. "Duk unguwar babu furen da ya kai shi kyau. Ni kuwa ina ta cika wa maƙwabta baki, wai hannuna ne mai albarka."