Rabin Ƙwaya a Kwanakin Hutu

A ɗakin jira na sashen masu cutar jini, wata mata da wani dattijo suna zaune a benci ɗaya, kowa da lambarsa a hannu: tasa goma sha biyu, tata goma sha uku. Ni ina bayansu.

"Baba, kai ma sakamakon gwajin jini kake jira?"

"Na matata. Ke fa?"

"Na maigidana. Kansar jini ce, mai saurin nan. Likita ya rage masa magani, wai ya sha mako biyu ya huta mako biyu, don yana cinye jinin kirki tare da mugun. Ni dai ban ga dalilin ba cuta hutu ba."

"Haka na ce ni ma. Kina ba shi maganin a kwanakin hutun, ko?"

Ta juyo ta dube shi.

"Rabi kawai. Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Ni ma da rabi na fara. Sai zazzaɓi ya rufe ta, jikin babu abin da zai tare shi. Bayan kwana uku muka kai ta makwancinta."

"Ta rasu? To sakamakon me kake jira?"

"Ban taɓa gaya wa likita abin da na yi ba. Duk Talata nakan karɓi lamba, in ce yau zan faɗa. Shekara huɗu ke nan."

Nas ta leƙo ta kira goma sha ɗaya, can ta kira goma sha uku. Ko bencin ba ta kalla ba.

Matar ta miƙe. "An tsallake ka, Baba."

"Kullum haka ne, sun san ba na shiga. Shiga, 'yata. Ki faɗa wa likita tun kafin ki zauna. In kuma kin kasa, ga wuri nan kusa da ni."