Hannun da Ammi Bakur Ya Riƙe

Ku da kuka sauka Madina shekaranjiya, har kun fara mafarkin Turai? To ku matso ku ji. Ni Sale, gonar gadona na sayar a Bichi na zo ƙasar nan. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tura keken wani dattijo a unguwar Ƙuba, Ammi Bakur, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Kakansa da ƙafa ya zo daga Katsina, don haka Hausa muke yi da shi, har tuwo nake sayo masa a ɓoye. Ɗansa Majid kuwa yana ji sarai, amma in ka yi masa Hausa sai ya yamutsa fuska ya amsa da Larabci. Shi ne kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take.

Wata shekara da zafi ya tsananta suka kwashi iyali sai Ostiriya, aka tafi da ni saboda keke. Garin wai Salzibur ne ko Salsabur, har na baro shi bakina bai iya ba. Ruwan sama kullum, su kuma sai ɗaukar hadari suke a waya suna murna. Ni da na yi noma, ina kallon ikon Allah.

A tsakiyar garin akwai dutse, a kansa wata tsohuwar fada fara fat mai ganuwa. Akwai ɗan jirgin ƙasa da ake ja da igiya, yanzun nan ya kai ka sama. Tsoho ya kalle shi ya rantse ba zai shiga abin da igiya ke ja ba. Majid ko kallona bai yi ba.

“Yalla, Sale, tura shi ta hanya.”

Suka shige jirgi abinsu.

Hanyar nan a tsaye take kamar tsani. A rabi birkin keken ya karye. Da ƙirji nake turawa, takalmina na zamewa, tsoho na salati. Na isa sama, na tarar da su suna shan askirim.

Sai aka ce hoto. Wurin da suka zaɓa gangare ne, a bakin ganuwa, garin da koginsa duk a ƙasa. Majid ya miƙa wa wani Bature waya.

“Sale, matsa gefe.”

“In na saki zai gangara. Birki ya mutu.”

“To tsuguna a baya ka riƙe. Kada kanka ya fito.”

Ni! Mutum mai jikoki, in tsuguna bayan keke kamar wanda ya yi sata. Wallahi har idona ya rufe. Na san kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a ɗora ni a jirgin Kano, amma na faɗa, da Hausa kuma, yadda kowa zai ji:

“Majid, ni na hawo da mahaifinka dutsen nan. Ba zan tsuguna ba.”

Sai tsoho ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya damƙi wuyan hannuna ya jawo ni gefensa. Na tokare taya da ƙafa.

“A ɗauka haka,” in ji shi.

Aka ɗauka. Na sauko da shi ina jin kaina wani sarki.

Bayan mun dawo da mako biyu, na turo shi falon baƙi da safe. Ga hoton a bango, ƙato, an sa masa gilashi. Kowa na ciki, har wata surukar tsoho da ba ta so zuwa ba. Ni an yanke ni daidai wuyan hannu. Tsoho na zaune yana riƙe da hannun da ba shi da mai shi.

Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ban bar aikin ba, don ba Majid nake turawa ba. Shekara uku na ƙara, har Allah ya karɓi abinsa. Amma tun daga ranar, duk sanda muka shiga falon, Ammi Bakur sai ya ce:

“Sale, juya ni. Ba ni son bangon nan.”